Yadda ake tabbatar da sabon nau'in liken daga kurmi har a raɗa masa suna

Duk wanda ya taɓa shiga kurmin da ke bin bakin rafi a tudun Adamawa, ko ya hau Cabal Mbabo da sassafe kafin hazo ya washe, ya ga abin nan da ke manne a jikin itatuwa kamar ƙyasbi. Wani fari, wani toka-toka, wani ya yi saƙe-saƙe yana reto kamar gemun tsoho, wani kuma da ƙananan baƙaƙen layuka sai ka ce almajiri ne ya gwada alƙalaminsa a kan ɓawo. In ka tambaya a Ngaundere, gansakuka za a ce maka. Masu Faransanci suna ce masa liken, kuma da wannan sunan zan kira shi, domin gansakuka ɗaya ce kawai daga cikin mazauna gidan.

Liken zaman tare ne tsakanin halittu biyu. Funfuna ita ta gina gidan, ita ke riƙe ruwa, ita ke kare rana. Gansakuka, ko kuma wasu ƙwayoyin bakteriya da ake kira sayanobakteriya a wasu, tana zaune a ciki tana haɗa abinci da hasken rana. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Simon Schwendener, shi ya fara faɗin haka a 1867, manyan masana liken na lokacin suka ƙi yarda da shi shekara da shekaru. A dokar raɗa suna, sunan da aka ba liken sunan funfunar ne, gansakukar tana da nata daban. An san kimanin nau'i 20,000 a duniya, kuma har gobe ana samun sababbi, musamman a dazuzzukan ƙasashe masu zafi da ruwan sama, inda masu dubawa ba su da yawa.

Abin da nake so ɗalibi ya riƙe tun yanzu shi ne, samun abin da ba ka taɓa gani ba abu ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen nuna cewa babu wanda ya riga ka gani. Mafi yawan abin da ɗalibai ke kawowa suna murna sabo ne, yana da suna tun kakanninmu ba su san jirgin ƙasa ba.

Takardu da sallama

Ba a fafe gora ranar tafiya. Izinin bincike a Kamaru daga ma'aikatar binciken kimiyya yake fitowa, wato MINRESI. In wurin da za ka shiga gandun gwamnati ne, kamar Benuwe, Faro ko Mbam da Jerem, sai ka haɗa da izinin ma'aikatar gandun daji, MINFOF. In kuma kana da niyyar aika wani yanki na samfurin waje don a duba DNA ɗinsa, to ka shiga hurumin yarjejeniyar Nagoya ta 2010 kan raba amfanin albarkatun halittu, wadda ta fara aiki a 2014, Kamaru kuma ta yi dokarta a kai a 2021, ma'aikatar muhalli ce ke kula da ita. Mujallu da ma'adanan tsirrai na waje yanzu suna tambayar lambar izini, wasu ba za su karɓi kayanka ba sai da ita. Ɗalibanmu 'yan Cadi da ke karatu a jami'ar Ngaundere da ke Dang, wanda zai ɗebo daga gida ya nemi na hukumomin Njamena.

Bayan takardar gwamnati akwai ta gari. Ka je ka gaida lamiɗo ko jauro, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi ɗan jagora. Shi ya san kurmin da ba a shiga, da wanda babu lafiya a cikinsa a wannan lokacin. Dattijon da ya fara yi mini jagora ya tsaya yana kallona ina kankarar ɓawo, can ya ce, "Malam, wannan dattin ne ya taso ku tun daga Ngaundere?" Na ce, "Shi ne, Baba." Ya girgiza kai, amma kafin la'asar shi yake kirana yana nuna mini waɗanda idona ya tsallake.

A gindin itace

Kayan aikin ba su da yawa: gilashin ƙara girma mai ninki 10 da za ka rataya a wuya, wuƙa mai kaifi, cizal da guduma saboda na kan dutse, ambulan na takarda da yawa, fensir, littafin fili, 'yar kwalbar fesa ruwa, rula, da waya mai nuna lambobin wuri.

Kada ka ɓata lokaci a fili inda gobarar daji ke bi kowace shekara. Wuta tana ƙone ɓawo, abin da ke tsira kaɗan ne, kuma yawanci sanannu ne. Ka nufi kurmi mai inuwa, kwazazzabai, gefen magangarar ruwa irin ta Tello ko ta Vina inda feshi ke jiƙa duwatsu, da kan tsaunuka masu hazo. A cikin kurmi kuma ka duba wuri uku dabam-dabam: gindin manyan itatuwa, rassan da iska ta karyo daga sama, da kan ganyayen ƙananan itatuwa. Reshen da ya faɗo sabo-sabo kyauta ce, don na can ƙololuwa ba irin na ƙasa ba ne, kai kuwa ba hawa za ka yi ba. Na kan ganye su ne aka fi mantawa da su, ga su ƙanana, wani bai kai ƙwayar gero ba, a kan ganye guda sai ka sami nau'i da dama.

In ka ga wanda ya ja hankalinka, kada ka zaro wuƙa tukuna. Ka ɗauki hotonsa a bushe da rula a gefe, ka fesa masa ruwa ka sake ɗauka, saboda launi yana canjawa da jiƙa, kuma yana dusashewa bayan watanni a ambulan. Ka ɗan karce gefensa da farce. In wurin ya fito ruwan lemo ko rawaya, gansakukar cikinsa Trentepohlia ce, wadda ta fi yawa a liken na kurmi. Ka rubuta wannan nan take, don launin yana gushewa in samfurin ya tsufa.

Sai yanka. Ka fere ɓawon sama-sama, kada ka kai ga ɗanyen jikin itacen, kada kuma ka kewaye shi da yanka. Yankin da za ka ɗauka dole ya haɗa da abu biyu: gefen liken ɗin, inda yake ƙarewa, da wuraren da yake fitar da iri. Waɗannan wani lokaci kamar ƙananan faifai suke, wani lokaci kamar tulu da aka binne saura baki, wani lokaci layukan nan masu kama da rubutu. Samfurin da ba shi da su da wuya ya kai ka ko'ina. Ka ɗebi abin da zai kasu uku ko huɗu, kowane kashi ya kai kamar rabin tafin hannu in ya samu, amma ka bar fiye da abin da ka ɗauka. In guda ɗaya ne tak ƙarami a jikin itacen, ka nemi ɗan'uwansa a itatuwan kusa kafin ka taɓa shi.

Kowane samfuri da ambulan ɗinsa, da lambarsa. Lambar nan taka ce har abada, daga 1 take farawa ta yi ta hawa, ba a maimaita ta, ba a sake ta da sabuwar shekara. A littafi, gaban lambar, ka rubuta ƙasa, jiha, sunan ƙauye mafi kusa da nisansa, lambobin wuri, tsayin wurin daga teku, kwanan wata, irin dajin, inuwa ce ko rana, da abin da liken ɗin ke kai. In itace ne ka sa sunansa: malmo ne, maje ne, maɗaci ne? In ba ka san shi ba, ka tambayi jagora da Fulatanci ko Mbum, ka tsinki ganyensa ka haɗa. Da fensir za ka rubuta, ruwa ba ya wanke shi. Kada ka ce sai ka koma masauki, ambulan arba'in da yamma duk kamarsu ɗaya.

Leda kuwa haram. Tafiyata ta farko na zuba kayan kwana uku a leda saboda ruwan sama, na ɗaure a bayan babur. Ranar da na kwance, wata farar funfuna ta bi ta lulluɓe su duka, ko ɗaya bai yi amfani ba. A daren da ka ɗebo, ka buɗe ambulan ɗin ka shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ba a gasa su a bakin wuta. Ganyaye kuma a matse su tsakanin tsofaffin jaridu, a riƙa sauya jaridar kullum har su bushe. Wanda kake zargin sabo ne, ka gutsuri ɗan yanki mai tsabta ka sa a ƙaramar takarda cikin silika, wato ƙwayoyin nan masu shanye danshi, wannan na DNA ne. Da ka dawo gari, duk kayan da suka bushe sarai su kwana kamar mako guda a firiza don kashe ƙananan ƙwarin da ke cin su.

Abin da ido zai gani, da abin da reza za ta nuna

Ka fara da maikiroskof mai ido biyu, wanda ke duba saman abu. Ka rubuta komai kamar kana bayyana wa makaho: ɓawo ne manne, ko mai kunnuwa kamar ganye, ko mai rassa? Samansa santsi ne ko gurji-gurji, yana ƙyalli ko a'a? Akwai gari-gari ko ƙananan tsiro da yake yaɗuwa da su ba tare da iri ba? Faifan nawa ne faɗinsu a milimita, sun nutse ne ko sun taso, bakinsu wane launi?

Daga nan sai yanka, kuma a nan ne ake gane mai haƙuri. Ka jiƙa faifai ɗaya da ɗigon ruwa, ka sa sabuwar reza ka riƙa yankansa tsaye, siriri iya yadda hannunka zai iya. Goman farko za su yi kauri, ba komai. Ka ɗauki mafi siriri da bakin allura ka sa a ɗigon ruwa kan lam, wato ɗan gilashin maikiroskof, ka rufe da lamel, siririn gilashin da ake ɗora masa, ka duba a ninki 100, sannan 400, sannan 1000 da mai.

Bari in ɗauki Graphis misali, masu layukan rubutun nan, tunda danginsu, Graphidaceae, su ne suka fi kowa yawa a ɓawon itatuwan kurmi, sun haura nau'i 2,000. Biyu za su yi kama da juna a ido kamar an tsaga kara, amma yanka ya raba su. Ka duba bangon layin: baƙin nan mai kama da gawayi a sama kawai yake, ko ya sauko gefe biyu, ko ya kewaye har ƙasa? Leɓɓansa sumul suke ko suna da tsaga-tsaga a tsaye? Tsakiyar, inda jakunkunan iri suke jere, garau take ko cike take da ƙananan ɗigon mai? Ƙwayar irin fa, katangunta a kwance kawai suke kamar matakalar tsani, ko sun gitta juna kamar ginin bulo? Guda nawa ne a jaka? Yawanci takwas ne, amma akwai masu biyu, akwai mai ɗaya ƙatuwa. Ka ɗiga aidin a gefen lamel ka ga ko ƙwayoyin za su koma shuɗi mai ratsin shunayya. Kowace amsa a nan tana iya zama bambancin nau'i da nau'i.

Awo a cikin ruwa ake yinsa, domin potas yana kumbura ƙwayar iri ya ba ka lambar ƙarya. Ka auna tsawo da faɗin aƙalla 20 zuwa 30, daga faifai dabam-dabam, nunannu kaɗai. Kuma kafin ka auna ko ɗaya, ka gwada ma'aunin da ke cikin idon maikiroskof ɗin da ma'aunin gilashi na asali. Na taɓa ganin ɗalibi ya yi wata biyu yana murnar ƙwayoyin irinsa sun fi na kowa girma, ashe wani ne ya sauya idon na'urar bai faɗa ba.

Ɗigon magani

Liken yana haɗa sinadarai ɗaruruwa waɗanda mafi yawansu ba a samunsu a wata halitta, kuma suna cikin abin da ake rarrabe nau'i da shi. William Nylander, ɗan Finlan da ya zauna a Faris, shi ya fito da gwajin ɗigo a 1866, har yau da shi ake farawa.

Na farko ana ce masa K: giram 10 na potas, wato KOH, a mililita 100 na ruwa. Kanwar kasuwa ba za ta yi ba, kada a gwada. Na biyu C, ruwan jabel ne na wanki, amma sabo, wanda bai sha iska ba. Na uku KC, a ɗiga K sannan a bi shi da C nan take. Na huɗu P, wato sinadarin parafenilindayamin, wanda Yasuhiko Asahina na Japan ya ƙaro a 1934. Shi guba ne, ana narka ɗan ƙwayarsa a alkol lokacin da za a yi aiki, a sa safar hannu, kuma yana ɓata takarda da tufa.

Ka gutsuri ɗan yanki ka ɗora a farar takarda, can nesa da ainihin samfurin. Ka gwada fatar sama dabam, ka kankare ta ka gwada farin cikin dabam. In K ya ba da rawaya ya tsaya, sau da yawa atranorin ne. In rawayar ta juye ja, ka yi zargin salazinik ko norstiktik, na biyun kuma yana fitar da jajayen allurai da za ka gani a maikiroskof. In wurin dama ruwan lemo ne, K ya mai da shi shunayya, dangin antirakinon ne. Jan da C ke bayarwa a kan lekanorik yana ɓacewa cikin daƙiƙu, sai ka zuba ido lokacin da kake ɗigawa. Ka kuma kashe fitila ka haska samfurin da fitilar UV, mai likezanton zai yi rawaya mai haske.

Ɗigo yana nuna hanya ne kawai. Mujalla za ta nemi kuromatogirafi na faranti, bisa tsarin da Chicita Culberson da abokin aikinta suka daidaita a 1970. Ana jiƙa ɗan gutsure a asiton, a ɗiga ruwan a jere kan farantin silika, santimita 2 daga ƙasa, tare da sanannun sinadarai biyu na gwaji, atranorin da norstiktik. A tsayar da farantin a tulun gilashi mai ruwan haɗi. Ruwan haɗin da aka fi amfani da shi ana ce masa C (ba C ɗin jabel ba), toluwen kashi 170 da asid asetik kashi 30, a ƙara da wanda ake kira A don tabbatarwa. In ruwan ya hau, a fitar a shanya, a zana tabon da ke fitowa a hasken UV da fensir, a shafa asid sulfurik mai kashi 10 cikin 100, a gasa a digiri 110 kamar minti goma. Tsayin da kowane tabo ya kai da launinsa su ke faɗin sunansa. Ba a yin wannan a rufaffen ɗaki. In sashenku ba shi da kayan, ka leƙa wajen 'yan kimiyyar sinadarai, su kullum cikin irin wannan aikin suke.

Neman mai shi

Yanzu kana da cikakken bayanin abinka. Sai aikin da ya fi cin rai, wato neman ko yana da suna.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a duba abin da aka rubuta kan Kamaru kawai, ba a gan shi ba, sai a ce sabo ne. Wannan sabo ne ga Kamaru, ba ga duniya ba. Ƙwayar irin liken iska ke ɗaukarta, nau'i da yawa suna nan a Barazil, suna Indiya, suna Tailan, suna kurmin bayan garinku. Saboda haka mabuɗin duniya za ka nema, wato jerin tambayoyin da ke kai ka ga sunan nau'i cikin duk waɗanda aka sani a duniya. Na Graphis ya fito a mujallar The Lichenologist a 2009, aikin Robert Lücking da Alan Archer da André Aptroot, na Pyrenula kuma Aptroot ya fitar a 2012. Bayan mabuɗin sai ka bi duk nau'in da aka ƙara daga shekarar zuwa yau, ɗaya bayan ɗaya, a Index Fungorum da MycoBank, rumbunan sunayen funfuna na intanet. Ga manyan liken masu kunnuwa da rassa, littafin Swinscow da Krog na 1988 kan gabashin Afirka har yanzu yana aiki a tsaunukanmu. Akwai kuma rubuce-rubucen Carroll Dodge kan liken na Afirka daga 1953. Da yawa cikin sunayensa an gano daga baya maimaici ne, amma dole a duba su, don suna in ya riga ya riga.

Ka fitar da nau'i uku zuwa biyar da suka fi kusa da naka, ka ja tebur, kowane da layinsa: girman iri, bango, sinadari, wurin zama. Sannan ka nemi ganin samfurin asali na kowane, wanda aka raɗa sunan a kansa. Bayanin mutanen ƙarni na 19 gajere ne, layi uku na Latin, ba ya isa. Kayan Nylander da na Erik Acharius suna Helsinki, na Müller Argoviensis suna Janeba, na Vainio suna Turku. Hotunan da yawa suna kan JSTOR Global Plants, kuma masu kula da ma'adanan suna amsa wasiƙa in ka yi tambaya takamaimiya. Aro kuwa tsakanin ma'adana da ma'adana ake yi, ba a aika wa mutum gidansa.

Ni kaina wanda na fi ƙwallafa rai a kansa, har na zaɓa masa suna a zuciyata, na tarar an bayyana shi daga Barazil fiye da shekara ɗari da suka wuce. Abin da na samu shi ne layi ɗaya: an gan shi a Kamaru karo na farko. Wannan ma abin bugawa ne, kada a raina shi.

Kama da wane ba ta wane, haka ne, amma bambanci ɗaya ƙarami a samfuri guda ɗaya shi ma ba hujja ba ne. Inuwa tana sauya launi, tsufa yana sauya siffa, wata funfunar tana hawa kan liken ta ɓata kamanninsa. Ni ba na yarda sai na ga bambanci biyu da ba su rataya da juna ba, kuma a samfuri fiye da ɗaya. Doka ba ta hana bayyana nau'i daga samfuri guda ba, amma in da hali ka koma kurmin ka ƙaro. Daga nan ka tura hotuna da teburinka ga wanda ya ƙware a wannan dangin. Ku yi magana a rubuce tun farko kan wanda zai shiga cikin marubuta da inda samfurin asali zai zauna. An sha ɗaukar kayan mutum a buga, sunansa ya ƙare a layin godiya.

Batun DNA gajere ne. Dokar suna ba ta wajabta shi ba, amma mujallu da yawa suna so. Yankin DNA da aka amince da shi a 2012 a matsayin shaidar funfuna shi ne ITS, a Graphidaceae kuma an fi samun nasara da mtSSU da nuLSU. DNA ɗin liken na kurmi yana lalacewa da wuri, cikin makonni ko 'yan watanni, don haka kada gutsuren silikan nan ya shekara a aljihun tebur. In sakamako ya zo, ka tabbata na liken ɗin ne, ba na wata funfuna da ke zaune a cikinsa ba. Kuma rashin samun irinsa a GenBank, rumbun DNA na intanet, ba ya nuna sabo ne, don liken na Afirka da aka karanta DNA ɗinsu kaɗan ne.

Raɗin suna

Suna kalma biyu ne, na dangi da na nau'i, a siffar Latin. Na biyun yana iya nuna kama, ko wuri, ko mutum. Na wuri yana ƙarewa da -ensis, a ce misali tchabalensis ga abin da aka samo a Cabal. Na namiji mai suna da ya ƙare da baƙi yana ɗaukar -ii, na mace -iae. Ba a sa sunan kai, abin kunya ne a wannan fage. Ka bincika a Index Fungorum kada wani ya riga ya yi amfani da shi a dangin. Taron masana tsirrai na duniya da aka yi a Madrid a 2024 ya kuma amince cewa sabon sunan da ke cin mutuncin wata al'umma, in an buga shi daga farkon 2026, ana iya soke shi.

Sharuɗɗan da in ɗaya ya faɗi sunan bai zauna ba su ne waɗannan. Dole a ayyana samfuri guda a matsayin na asali, a rubuta kalmar holotypus ko typus, a faɗi ma'adanar da yake ciki, wannan tun 1990. Dole bayanin da ke rarrabe nau'in ya zama da Latin ko Ingilishi. Kafin 2012 Latin ne kaɗai. Faransanci bai shiga ba, 'yan uwa, ko da sauran maƙalar da shi aka rubuta. Dole kuma, tun 1 ga Janairun 2013, a yi wa sunan rajista a MycoBank, Index Fungorum ko Fungal Names, a sa lambar a cikin maƙalar. Rajistar kyauta ce.

Ra'ayina, samfurin asali ya zauna a ma'adanar tsirrai ta ƙasa da ke Yawunde, mai alamar YA, kana iya kai shi da hannunka a jirgin ƙasan dare. Sauran kashin, waɗanda ake kira izotip, a rarraba su waje, kamar Meise a Beljiyom ko Faris. Dalilin rarrabawa a bayyane yake. Kayan da aka kwasa daga Kamaru zamanin Jamus, 1884 zuwa 1916, da yawa Balin aka kai su, kuma a Maris 1943 bam ya ƙone mafi yawan ma'adanar. Abin da aka raba wa wasu wurare shi ya tsira.

Tsarin rubutun sananne ne: suna da marubuta da sp. nov., wato sabon nau'i, lambar rajista, layi biyu ko uku da ke faɗin bambancinsa da mafi kusa da shi, bayanin samfurin asali kamar yadda yake a littafin filinka, cikakkiyar siffa daga waje zuwa ciki, sinadarai, asalin sunan, wurin zama da yaɗuwa, tattaunawa kan makusantansa, sauran samfuran da aka duba, sai hotuna masu layin awo. Ka buɗe sabuwar maƙala a The Lichenologist, The Bryologist, Herzogia, Phytotaxa ko MycoKeys ka bi jerinta. Wasu mujallun suna karɓar kuɗi, wasu ba sa karɓa, ka duba kafin ka aika. Tun 2012 bugun intanet ya wadatar in PDF ne a mujalla mai lambar ISSN. Kundin digiri da ba a buga shi a matsayin littafi ba bai wadatar ba, Facebook balle. Kada ma ka saki sunan a fili kafin ya fito, sai ya zama suna marar uba yana yawo.

Masu tantancewa za su dawo da gyara, wani lokaci su ce ka duba wani nau'in da ba ka taɓa jin sunansa ba. Ka duba shi. In maƙalar ta fito, ka aika kwafinta YA da duk ma'adanar da ke riƙe da kashi, ka sa 'yar takarda a kowane ambulan mai ɗauke da sabon sunan da shekara da inda aka buga, ta samfurin asali a yi mata alamar ja. Ka wanke hoto ɗaya babba ka kai wa jauro da ɗan jagoranka in ka sake bi ta wajen. Sannan ka buɗe littafin fili, ka nemo lambar nan da ka rubuta da fensir a gindin itace, ka rubuta sunan a gabanta.